Shin bikin godiya na kaka yana riƙe baƙo a ikilisiya?

Dattijon ikilisiya, Kaltungo:
'Yan'uwa cikin Ubangiji, a zaman dattawa na makon jiya wani ya ce bikin godiya na kaka shi ne babbar ƙofar da baƙi ke bi su shigo ikilisiyoyinmu na karkara, har ya nemi a ƙara kuɗin da ake ware masa. Ni ban gamsu ba. Tun 1917 da masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a ƙasar Tangale, abin da ya kafa ikilisiya shi ne koyar da karatu da ba da magani da shiga gida-gida. Ranar biki majami'a takan cika har yara su zauna a bakin taga, amma Lahadi na zagayowa sai ka tarar da bencin baya babu kowa.

Shugabar Zumuntar Mata, Billiri:
Baba, ka yi mini haƙuri, amma kai benci kake dubawa, mu kuwa gidajen da bikin ya buɗe mana muke dubawa. A ƙarshen 2014, bayan da 'yan Boko Haram suka kama Gwoza da Mubi, wata baiwar Allah 'yar ikilisiyar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) ta iso garinmu da yara huɗu. Ba ta jin Tangale, ba ta san kowa ba, kuma kunya ta hana ta shiga sujada da zani ɗaya tilo da ta gudo da shi. Ranar godiya ta tsaya nesa da murhu tana kallonmu, sai na miƙa mata muciya na ce ta kama mini tuƙin tuwon. Muna kwashewa ne ta faɗa mana cewa a wani kango suke kwana. Kafin magariba mun samo mata ɗaki. Yau ita ce ke buga mana tulu idan muna waƙa, kuma da wa'azin gida-gida muka jira, ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba.

Matashi manomi, Bogoro:
Mama, na yarda da ke, sai dai akwai abin da muke yi wanda ke korar mutanen da muka gayyato, wato gwanjon amfanin gona. Ana ɗaga damin dawa ko buhun gyaɗa, ana kiran sunan mai saye da kuɗin da ya bayar a lasifika, jama'a na tafi. Bara wani ɗan ƙodago da ya yi damina a gonarmu ya zauna kusa da ni. Da kwanon baiko ya zagayo karo na uku sai ya sunkuyar da kai, ya sulale ta ƙofar gefe, bai ko jira abinci ba. Har yau abin yana damuna, domin ni na gayyace shi.

Fasto, Balanga:
Baba dattijo, bakin ɗakin maganin da ka ambata ai shi ma wurin taruwar jama'a ne, a nan aka fara sabawa kafin a kai ga wa'azi. Abin da nake so mu duba shi ne harshe. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, amma sau da yawa mukan yi sanarwa da waƙoƙin biki da yaren gida kaɗai, baƙo yana zaune kamar kurma. A wurinmu gayya ta fi biki amfani, domin duk wanda kuka sunkuya tare a kunya guda kuna noma gonar gwauruwa ba zai sake zama baƙo ba.

Dattijon ikilisiya, Kaltungo:
Mama, labarinki ya ratsa ni, kuma na janye rabin maganata. Amma har yanzu ba zan sa hannu a ƙara kuɗin hayar rumfa da lasifika ba.

Shugabar Zumuntar Mata, Billiri:
Ba rumfa muke nema ba, Baba. Ku ware kashi daga hatsin da aka kawo kafin a fara gwanjo, ku daina kiran sunaye, sannan ku ba mu dattijo guda wanda zai raka mu gidajen baƙin a makon da ya biyo bayan bikin. Ina roƙon ka gabatar da wannan a zamanku na gaba.