Sharaɗin kyawun hali wajen neman zama ɗan ƙasa a Birtaniya: me ya canza?

Bakatsine_Leeds:
Salamu alaikum jama'a. Ana ta cewa an tsaurara sharaɗin kyawun hali ga masu neman fasfon Birtaniya. Wanda ya samu izinin zama na dindindin, ya cika shekara ɗaya da shi, amma akwai tarar gudu da mota a kansa, zai iya nema? Su wa wannan tsaurarawar ta fi shafa?

Malam_Sani:
Wa alaikumus salam. Sau biyu aka ɗaure igiyar. Na farko ranar 31 ga Yulin 2023: wanda kotu ta taɓa yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, a ƙa'ida za a ƙi shi, komai daɗewar abin. A da sai ɗaurin shekara huɗu ke rufe ƙofa haka. Ƙasa da wata 12, ko hukuncin da ba na kurkuku ba, jami'i ne zai auna: yaushe aka yi, sau nawa, me ya biyo baya.

Na biyu shi ne ya tayar da ƙura. Daga 10 ga Fabrairun 2025, wanda ya shigo ƙasar ta ɓarauniyar hanya, a ƙaramin kwale-kwale ta mashigin ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila ko a ɓoye cikin babbar mota, galibi za a ƙi shi ko da an ba shi mafaka tuntuni. A da shekara goma kan wanke wannan. Wanda ya sauka a filin jirgi da bizar karatu ko ta aikin kula da tsofaffi, wannan sashen ba nasa ba ne.

Hajiya_Birmingham:
Ɗan'uwa, batun tararka. Tarar da aka aiko da ita ta wasiƙa ka biya ba hukuncin kotu ba ce, ita kaɗai ba ta kayar da mutum, sai idan ta yi yawa cikin ɗan lokaci ko ka ƙi biya har aka kai kotu. Amma ka rubuta ta a fom ɗin AN, wato fom ɗin neman zama ɗan ƙasa. Abin da ke kayar da mutane shi ne ɓoyewa: ana bincika sunanka a kundin 'yan sanda, in aka ga abin da ba ka faɗa ba, ko gargaɗin 'yan sanda na shekarun baya, sai a ɗauke shi yaudara. Ita kuwa yaudara tana iya toshe maka hanya har shekara goma. Tuƙi ba inshora ya fi gudu nauyi ƙwarai.

Malam_Sani:
Gaskiyar Hajiya. Ƙari: harajin HMRC, hukumar tara haraji ta Birtaniya, ga masu tasi da kai kaya da ke aikin kansu, harajin ƙaramar hukuma, da bashin asibitin gwamnati na NHS da ya kai fam 500, duk ana dubawa. A warware su kafin a tura.

Dan_Agadez:
A kula da kuɗin ma. A farashin Afrilun 2025, fam 1,605 ne, da fam 130 na bikin rantsuwa. In aka ƙi ka, na rantsuwar kaɗai ke dawowa, kuma babu ɗaukaka ƙara, sai roƙon a sake dubawa da fom ɗin NR, shi ma da kuɗinsa. Duk mai tarihin kotu ko matsalar shigowa, ya ga lauya mai rajista tukuna. Sharaɗin kyawun halin yana hawa kan yara ma, daga shekara goma.