Lambar shafi na ɓacewa a ƙarƙashin hoto a InDesign

Ɗan Fagge, Makka:
Assalamu alaikum. Ina haɗa ɗan littafin addu'o'i na alhazai a InDesign, manhajar tsara shafukan littafi, girman A5, shafi 48, Larabci da fassarar Hausa, daga baya kuma a fitar da na Faransanci. Lambar shafi da kanun babi suna kan masta (Master, shafin da duk abin da aka sa masa ke fitowa a sauran shafuka), amma duk shafin da hoto ya cika shi sai lambar ta yi ɓatan dabo. Na danna Bring to Front don in kawo ta gaba, ko gezau. Sannan fayil ɗaya ya isa harsunan biyu?

Maiɗab'i, Jidda:
Wa alaikumus salam, Malam. Bring to Front ba ya tsallake leya (Layer, wato hawa-hawan da ake jera kayan shafi a kai), kuma a leya ɗaya duk abin da ke kan masta bayan kayan shafi yake zama. Maganin shi ne ka danna F7 jerin leyoyi ya fito, ka buɗe sabuwar leya, ka ja ta can sama. Koma kan masta, zaɓi akwatin lambar, sai ka ja ɗan murabba'in nan mai launi da ke gefen sunan tsohuwar leyar zuwa sabuwar. Nan take lambar za ta fito a duk shafukan. Hotuna da kalar bango su zauna a ƙasa, rubutu a tsakiya.

Kada ka bi shafi-shafi kana ɓalle akwatin da Ctrl da Shift. Yana aiki, amma duk wanda ka gusar da hannu ya daina bin masta a wajen zama, ranar da ka gyara gefen takarda sai lambobi su watse. In sabon InDesign ne gare ka, tun 2021 suka sauya wa Master suna zuwa Parent, abin bai canza ba.

Hajiya Mai Zane, Madina:
Fayil ɗaya ya isa, ɗan'uwa. Larabci a leyarsa, a kulle. Hausa da Faransanci kowa da tasa, har kanun babin da ke kan masta. Inda ake tuntuɓe: akwatin da aka sa wa Text Wrap, wato umarnin da ke sa rubutu ya kewaye shi, yana ci gaba da ture rubutu ko an ɓoye leyarsa. Danna sunan leyar sau biyu, ka kunna Suppress Text Wrap When Layer is Hidden.

Fassarorin su zama baƙi zalla, K 100, ba baƙin da aka haɗa da kala huɗu ba. Ta haka maɗaba'a farantin bugu ɗaya kawai, na baƙi, za ta sauya tsakanin bugun biyu, kuɗin ya ragu. Kowace addu'a kuma ta samu akwatinta, domin tsawon fassarorin ba zai zo ɗaya ba.

Maiɗab'i, Jidda:
Ƙari kan na Hajiya: ka yanke shawarar ta ina littafin zai buɗe tun kafin ka yi nisa, musamman da yake masu buga littafi a nan sun saba da buɗewa ta dama. Zaɓin Binding yana cikin Document Setup, a nau'in InDesign mai goyon bayan Larabci. In ka juya shi daga baya, shafin dama ya koma hagu, sai ka sake duba masta. Hoton da ya cika shafi ya zarce bakin takarda da milimita 3, saboda yanka. Font kuma ka gwada shi da ɓ, ɗ, ƙ tun yanzu. Charis SIL yana da su.