Na shiga akawun ɗin ɗalibi da sudo su amma passwd ya ƙi canza fasuwod

Dan_Mabera:
Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min. Muna da wata kwamfuta mai Ubuntu a wurin koyon kwamfuta nan Mabera, yaran sun mance fasuwod na akawun ɗin da munka buɗe musu mai suna dalibi, sai na buga sudo su dalibi na shiga lafiya lau, ina buga passwd sai ya nemi fasuwod na yanzu, na sa nawa ya ce Authentication token manipulation error. Mi ke kawo wanga abu? Gobe da sahe akwai aji.

Injiniya_Arkilla:
Wa alaikumus salam. Malam ai da ka shiga da sudo su ka zama dalibi ke nan, kai ba admin ba ne kuma. Sudo fasuwod ɗinka yake tambaya shi ya sa ka wuce, shi ko passwd na mai akawun ɗin yake so, wanda anka mance ɗin. Buga exit ka koma naka, sannan sudo passwd dalibi. Sudo na mai da kai root, wato babban admin na kwamfutar, shi ko root ba a tambayarsa tsohon fasuwod, sabo kawai za ka sa sau biyu, kuma ba ka ganin komai sadda kake bugawa, haka yake ba lalacewa ba ce.

Yar_Runjin_Sambo:
Gaskiya ne, amma wanga saƙo ba abu guda ke kawo shi ba. Fasuwod a /etc/shadow ake ajiye shi, in an kasa rubutu cikin fayil ɗin ga kuskure guda za ka gani ko da root ne kai. Yadda ake ɗauke wuta garin ga, inji ya mutu ba shiri, wani lokaci diski na tashi a karatu kaɗai ba rubutu, sai ka buga sudo mount -o remount,rw / tukun. Ka duba df -h ma ko wuri ya cika, yara da sauke bidiyo ai sai Allah.

Dan_Mabera:
Na yi exit na buga sudo passwd dalibi ya karɓa, Allah shi saka da alheri. Amma ina son yaran su sa nasu da kansu ba ni in riƙa riƙe musu ba.

Injiniya_Arkilla:
Amin. Buga sudo passwd -e dalibi, shiga ta gaba zai tilasta musu canzawa. Sai dai ni da ni ne kowane yaro akawun nashi zan buɗe mai da adduser, in ba haka ba wanda ya riga zama shi canza, sauran su dawo kanka jibi.