Ayonaiza ko jiƙon jan ƙarfe? A taya ni raɗa wa na'urar nan suna

Jama'a, assalamu alaikum. Yau da ƙoƙon bara na zo, kalma nake nema.

Yayana yana zaune a Houston, jihar Texas ta Amurka. A bayan gidansa akwai kwamin ninkaya, irin wanda gidaje da yawa suke da shi a can saboda zafi. Bana Baba ya je ganin jikoki. Ran nan muna waya ta bidiyo, yana zaune bakin kwamin da carbi a hannu, sai ya nuna wani ɗan akwati da aka haɗa da bututu kusa da famfo, ya ce, "Wannan fa, mene ne aikinsa?" Yaya ya ce, "Baba, ionizer ce." Baba ya ce, "Da Hausa na tambaye ka." Yaya ya juyo mini da waya: "To malamin fassara, bismilla." Na buɗe baki, na mayar na rufe.

Ba a raɗa suna sai an ga jariri, don haka bari in nuna muku shi. A cikin bututun akwai sanduna biyu na jan ƙarfe, wasu kamfanonin sukan gauraya da azurfa. Ruwan da famfo ya turo yana bi ta tsakaninsu, akwatin kuma yana sakar musu wutar lantarki 'yar kaɗan. Wutar ce ke sa ƙarfen ya dinga ɓantarewa cikin ruwa, ƙwaya-ƙwaya da ido ba ya gani, kowacce ɗauke da caji. Sannu a hankali sandunan suna ramewa, har wata rana a zaro su kamar an tsotse rake, a sa sababbi. Abin da ake so shi ne jan ƙarfen ya tsaya wajen kashi 0.2 zuwa 0.4 cikin miliyan na ruwan. Da ɗan wannan gansakuka ba ta iya tsirowa.

Abokin gwajinta, kulorin, ba ni da rigima da sunansa. Ya riga ya zauna a bakinmu, ga kuma bilic da Hypo a kowane banɗaki. Carl Scheele na Suwidin ne ya fara fitar da shi a 1774, Humphry Davy na Ingila ya sa masa suna a 1810 daga kalmar Girkanci mai nufin kore-kore. Ashe su ma aro suka yi. A bar kulorin a kulorin.

Tun kafin yau na tambayi wasu jama'a, sun kuma kawo shawarwari. Wani ya ce to ita ma na'urar a hausantar da ita kawai, a ce ayonaiza. Malam, na gwada a bakina sau uku, kamar ina kiran wata yarinya a layinmu. Ba wannan ne ma aibunta ba. Kwamfuta da rediyo sun shiga ne domin kowa ya gan su, ya taɓa su, sunan ya bi bayan sani. Wannan ko, cikin mutum ɗari da wuya ka sami guda da ya taɓa ganinta. In ka ce wa Baba ayonaiza, ka mayar masa da tambayarsa ne da wani rubutu. Su Turawan akwai ma'ana a ƙarƙashin kalmarsu: Michael Faraday ya kawo "ion" a 1834, daga Girkanci, ma'anarta mai tafiya, domin ƙwayar takan yi tattaki zuwa ɗaya daga cikin sandunan. Mu in mun aro, kwanson muka ɗauko.

Wata Hajiya ta ce na'urar tace ruwa. Hajiya, akwai matatar ruwa daban a wurin, tulu guda cike da yashi, ita ke kama ƙura da ganye. Ita na'urar da muke magana ba ta cire komai, ƙarawa take yi.

Shawarar da ta fi samun magoya baya ita ce wadda na fi tsoro: madadin kulorin. A nan zan daɗe, ku yi haƙuri.

Da wannan sunan aka sayar wa Yaya ita. Mai kantin ya ce masa daga yau ya huta da wari da jan ido. Shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske, ya kulle bokitin kulorin a gareji. Mako biyu ruwan bai yi kore ba ko kaɗan, har yana yi mini gori. A na uku sai ruwan ya soma dishi-dishi, kamar an wanke shinkafa a ciki, tsayawa a baki ba ka hangen magudanar da ke ƙasa. Ya ga haka, ya ƙara wa na'urar ƙarfi. Sai matakalar kwamin ta yi wani tsanwa mai shuɗi-shuɗi, irin wanda ke fitowa a tsohuwar wayar wuta, wanda burushi ba ya fitarwa.

Dalilin a fili yake. Kulorin aiki biyu yake yi: yana kashe ƙwayoyin cuta da sauri, yana kuma ƙone dauɗar da jiki ke zubarwa, gumi da man shafawa da fitsarin yara. Jan ƙarfe gwanin gansakuka ne, amma a kan ƙwayoyin cuta sanyin jiki gare shi, dauɗa kuwa ko kallonta ba ya yi. Yaro mai gudawa in ya shiga, ɗan'uwansa da ke kurme kusa da shi ba zai jira sa'o'i ba kafin ya haɗiyi ruwan. Shi ya sa CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, take cewa kada kulorin ɗin kwami ya gaza kashi 1 cikin miliyan, masu gyaran kwami kuma sukan riƙe shi tsakanin 1 da 3. Abin da na'urar ke yi da gaske shi ne rage wa kulorin wahala. Ta ɗauke masa yaƙin gansakuka, kuma rana ba ta cinye jan ƙarfe yadda take cinye kulorin, sai a dinga zuba kaɗan. Mai taya aiki ce. Wanda ya kira ta madadi ya ba ɗan dako rawanin sarki.

Af, har warin nan da ake ɗora wa kulorin, akasari ba nasa ba ne shi kaɗai. In ya haɗu da gumi da fitsari ne yake rikiɗa ya zama abin da ke hawa kai yana sa ido ja. Kwamin da ya fi wari sau da yawa shi ne wanda kulorinsa ya gaza.

Wannan ya sa na dage a kan suna ya faɗi abin da na'urar ke yi, kada ya yi mata talla. Na fara da matsiyayin ƙarfe, tunda tsiyaya yake yi. Da na faɗa da ƙarfi na ji ya yi kusa da matsiyaci, na janye da kaina. Wani ya kawo kashe-gansakuka. Ya yi daɗi, sai dai akwai magungunan kwalba da ke wannan aikin, za a rikice.

Sai wani dattijo ya rubuto kalma ɗaya tak: jiƙo. Ranka ya daɗe, ka gama magana. Kowa ya san yadda ake jefa sassaƙe a ruwa a bar shi ya kwana, ƙarfinsa ya fita a hankali, itacen na nan amma yana salancewa. Haka sandunan nan suke. Kuma duk Bahaushe ya san jiƙo ba maganin gaggawa ba ne, ba a kai wa wanda maciji ya sara. Sanyin aikin yana cikin kalmar tun asali, ba sai an yi dogon bayani ba.

An yi suka biyu, duka masu ma'ana. Na ɗaya, jiƙo sha ake yi. Na biyu, jiƙo ba ya buƙatar wuta, wani zai ɗauka in ya jefa guntun waya a tanki ya gama. Maganin duka biyun shi ne kada a yar da kalmar na'ura a gaba, aƙalla a rubuce.

Saura ƙarfen. Tagulla ta fi gajarta, matasa kuma sun fi saninta, amma ta wajen wasanni suka san ta, lambar wanda ya zo na uku, kuma a kasuwa tana ɗaukar gauraye-gaurayen ƙarfe ma. Jan gaci tsohuwar Hausa ce mai kyau, sai dai na tambayi ƙannena uku, babu wanda ya gane. Wani mai barkwanci ya ce jiƙon kwabo, tunda kwabon ma daga sunan wannan ƙarfe a Turanci muka samo shi. Na yi dariya, amma a'a. Jan ƙarfe ba ya ɓatar da kowa, daga mai haɗa wuta har ɗan gwangwan.

Na tsaya a nan: na'urar jiƙon jan ƙarfe, a baki kuma a ce na'urar jiƙo. Mai azurfa a ciki a ce jiƙon jan ƙarfe da azurfa. Ita ƙwayar mai caji da Faraday ya sa wa suna ban taɓa ta ba, na bar wa malaman kimiyya, su buɗe nasu zaren.

Jiya na kai wa Baba. Ya yi shiru, ya ja carbi biyu, ya ce, "To in jiƙo ne, me ya kai yayanka ƙara masa wuta?" Yaya dai yana can ƙasan matakala da burushi, bai ɗago ba.