Ɗaura sabon firam ɗin mita mai ramin agogo biyu a Honda Civic 1998

Mai Civic Ja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata Honda Civic ce ta 1998, samfurin Amurka, injin D16. Firam ɗin robar da ya zagaye mita ya tsage saboda rana. Na sayi wani wanda ba na kamfani ba, yana da ramuka biyu na ƙarin agogo masu faɗin milimita 52. Ina so in sa agogon zafin ruwa a ɗaya, na batir a ɗayan. Yaya ake cire tsohon ba a karya komai ba? Sai an fito da mitar gaba ɗaya? Kuma daga ina zan ɗauki wuta? Allah Ya saka da alheri.

Oga Rewaya:

Wa alaikumus salam. Ba sai ka fito da mitar ba, Malam, firam ɗin daban yake da ita. Amma kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, ɗora sabon kusa da tsohon ka gwada su. Civic ta 1992 zuwa 1995 da ta 1996 zuwa 2000 firam ɗinsu ba ya shiga na juna, kuma wanda aka yi wa mota mai sitiyari a dama, irin ta Japan da Ingila, ba lallai ya zauna a tamu ba.

Cire kan batir na negatif da sifana mai lamba 10, ka jira minti 3 saboda jakar iska. Duk wayar da ka gani da rigar rawaya a ƙarƙashin sitiyari tata ce, kada tasta, abin gwada wuta, ta je kusa da ita. Idan rediyonka na kamfani ne mai neman lambar sirri, ka tabbata tana hannunka kafin ka cire batir.

Sauke sitiyari ƙasa iyakarsa, ka shimfiɗa tsumma a kansa. Leƙa saman firam ɗin ta ciki za ka ga sukuru biyu suna kallon sama. Guntun sukundireba mai kan sita, wato mai kuros, za ka yi amfani da shi, dogo ba zai miƙe a wurin ba, zai cinye kan sukurun. Bayan su kilif ne kawai ke riƙe da ƙasan. Sa yatsu a gefe biyu ka jawo shi kai tsaye zuwa ƙirjinka, ban da murɗawa, ban da ɗagawa. In ya ƙi, sa abin ɓamɓara na roba. Ƙarfe zai bar tabo a dashbod. Kuma kada ka yi aikin da sanyin safiya a lokacin hunturu. Tsohuwar roba in ta yi sanyi ƙaras take karyewa, bari mota ta ɗan sha rana tukuna.

Kilif ɗin ƙarfen da ke jikin tsohon ka zare su ka mayar kan sabon, don yawancin na kasuwa ba sa zuwa da su. Wani kan maƙale a ramin dashbod, ka ciro shi da filaya kafin ya faɗa ciki.

Baban Khalifa:

Oga ya gama maganar cirewa, ga ta wuta. Agogon lantarki yawanci waya uku yake so, na zafi kuma da ta huɗu mai zuwa sensa. Ta wuta ka ɗauke ta daga akwatin fiyus da ke ƙarƙashin dashbod ta hagun direba. Mayar da batir na ɗan lokaci, ka nemo da tasta wurin da ke kawo wuta sai makulli ya kai II, ka sa wa wayar fiyus nata na amfiya 3. Kada ka jona kai tsaye da batir, agogon zai kwana a kunne yana shan caji. Ta at, wato ta negatif, ka ɗaure ta a kusoshin da ke jikin ƙarfen mota, ka kankare fentin wurin. At maras kyau shi ke sa allura ta motsa duk lokacin da aka kunna fitila. Ta hasken dare kuwa, a Honda na wannan zamanin ja mai baƙin layi ce, amma ka gwada: ta kawo wuta idan an kunna ƙananan fitilu, ta ɗauke idan an kashe. A yi soda a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya a naɗe da salatif ba ya jure zafin cikin mota, gam ɗin narkewa yake.

Sensar zafi tana zama a tiyon lagireto na sama, ta nan ruwan zafi ke fitowa daga inji. Ana yanka tiyon a sa mahaɗin alminiyom a tsakani da kilam biyu. Auna cikin tiyon kafin ka sayi mahaɗin, girmansu ya bambanta. Idan sensar mai waya ɗaya ce, dole ka ja wa mahaɗin wayar at, domin roba ce ta riƙe shi ta kowane gefe, in ba haka ba allura ba za ta tashi ba. Inji ya huce sarai kafin a yanka, bayan an gama a cika ruwa a fitar da iska.

Tamostat ɗin wannan injin, wato bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya yi zafi, yana fara buɗewa wajen digiri 78 na Salsiyas, fanka kuma tana tashi wajen 93. Idan agogonka bai taɓa kai 70 ba a kan hanya, mai yiwuwa wani bakanike ya riga ya cire tamostat ɗin, abin da ake yawan yi a garejojinmu, kuma yana sa inji shan mai.

Mai Civic Ja:

Na gode ƙwarai. Tsohon ya fita lafiya. Sai dai sabon ya bar rata ta dama, kusan kaurin ashana biyu, kuma agogon na ɗan yawo a raminsa. In ɗiga sufa gulu?

Oga Rewaya:

A'a, don Allah kada ka kai sufa gulu kusa da mita. Tiririnsa na barin farin hazo a gilashin, kuma gilashin nan roba ne, ba zai goge ba. Haka fetur da tina, suna dusashe shi. Ruwan sabulu da tsumma mai laushi kawai.

Ratar abu biyu ke kawo ta. Ko bayan agogon da wayoyinsa na tokare da dashbod, ko kuma tsinin robar da kilif ke hawa ya fi raminsa kauri. Cire agogon ka gwada firam ɗin shi kaɗai. In ya zauna, matsalar zurfi ce: sake hanyar wayoyin, ka rage tsawon kusoshin bayan agogon. In bai zauna ba, shafa alli a tsinin, ka tura, ka ga inda ya goge, ka rage wurin da fayil kaɗan-kaɗan. Kada ka jawo shi da ƙarfin sukuru, zai tsage daga ramin sukurun bayan 'yan makonni a rana. Yawon agogo kuwa, zagaye jikinsa da tef ɗin yadi na wayarin sau biyu ko uku har ya shiga da ɗan matsi. Liƙa guntun tef ɗin a gefen da firam ke gugar dashbod, zai hana ƙara a hanya mai gargada.

Ɗan Ƙofar Ruwa:

Ni da za ka ji shawarata, Malam, agogon ƙarfin baƙin mai ya fi na batir amfani a injin da ya haura shekara 25. Fitilar mai ta kamfani ba ta kamawa sai ƙarfin ya kusa ƙarewa. In za ka sa, ramin sensar yana bayan inji sama da filtar mai, zarensa 1/8 BSPT ne, alhali sensar yawancin agogon kasuwa 1/8 NPT ce. Nau'in zare biyu ne daban: BSPT zare 28 a inci, NPT 27. Za ta fara shiga kamar ta dace, a matsa ta fasa alminiyom. Nemi adafta, kuma ka ja sensar da guntun tiyo zuwa jikin bodi, don nauyinta da girgizar inji na karya adaftar.

In kuma na batir ɗin ka fi so, za ka ga volt 12.4 zuwa 12.6 kafin tayar da inji, wajen 14 bayan ya tashi. Civic ta Amurka takan sauke caji zuwa 12 da ɗoriya da kanta idan ba a kunna kayan wuta ba. Kunna manyan fitilu ka gani: in allura ta koma wajen 14, altanetarka lafiya take.