Me za mu kira manhajar da ake feɗe kwaɗo a cikinta?

Malaman kimiyya da masu fassara, ku matso. A darasin ilimin halittu akwai aikin da Turawa ke kira dissection: a kwantar da mataccen kwaɗo ko ɓera a faranti, a kafe shi da allurai, a tsaga cikin a bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Yanzu an samu manhajojin da ake yin wannan aiki a cikinsu, irin su Froggipedia da kamfanin Apple ya zaɓa gwarzuwar manhajar iPad a 2018. Ɗalibi zai ja aska da yatsa, ya ɗaga fata, ya kawar da hanta ya ga matsarmama a ƙarƙashinta, ya juya zuciya ya ƙirga ɗakunanta uku. In ya ɓata, sai ya sake daga farko.

Masu cewa "tiyata", ban bi ku ba. Mai rai ake yi wa tiyata don ya warke, kuma a ɗinke shi. Kwaɗon aji tuni ya mutu, an jiƙa shi a fomalin, ruwan maganin da ke hana ruɓewa. "Yanka" kuwa ya fi nisa, don shi cire rai ne.

Ni dai fiɗa na zaɓa. Mahauci yana fiɗa, muna kuma da likitan fiɗa, ashe kalmar ta daɗe da shiga asibiti. Abin da ya fi burge ni shi ne, in aka ce an feɗe biri har wutsiya, ba nama ake nufi ba, bayani ne da bai bar komai a ɓoye ba. Wato buɗe abu don a san shi yana cikin kalmar tun asali. Sai a ƙara mata "nazari" don a raba ta da ta mahauta: fiɗar nazari.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda za a nuna cewa ba dabbar gaske ba ce. "Ta bogi" zagi ne, kamar ana damfarar ɗalibai. "Fiɗar na'ura" kuma, wallahi mai gyaran waya za a ɗauka. "Fiɗar allo" ta yi daɗin faɗa, amma wani zai zaci zanen malam ne da alli. Shi ya sa na ga a bar wa kalmar manhaja wannan aiki: manhajar fiɗar nazari.

Masu fassara labarai za su buƙace ta. Tun 1988 jihar Kalifoniya ta ba ɗalibi 'yancin ƙin feɗe dabba a ba shi wani aiki a madadi, hukumar jami'o'in Indiya kuma ta hana fiɗar dabbobi a kwasa-kwasan ilimin dabbobi a 2014. Ku gwada ta a baki ku ji: "Bana ba mu feɗe ɓera ba, a manhajar fiɗa muka yi." Wanda ke da wadda ta fi wannan gajarta, bismillah.