Ƙanwata ta samu kwas ɗin wasan kwaikwayo a jami'ar Jos, Baba ya ce sam, ku ba ni shawara

Ɗan Unguwar Rogo:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata ce ta samu admishan a jami'ar Jos, sashen wasan kwaikwayo da fim, ita kuma tun tana firamare burinta kenan ta ga kanta a talabijin, amma Baba ya kafe wai wannan ba karatu ba ne, gara ta jira baɗi ta sake JAMB ta nemi lauya. Ni dai tausayinta nake ji wallahi, kwana biyu ko abincin kirki ba ta ci. Don Allah akwai wanda boko ya kai shi talabijin da gaske, ko duk sa'a ce da sanayya?

Malam na Gangare:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tuna wa Baba marigayi Sadiq Daba, na tabbata ya kalle shi. Ya yi karatu a ABU Zariya, ya yi aikin gidan talabijin, sannan diramar Cock Crow at Dawn da NTA ta ɗauka nan yankin Jos wajen 1980 ta sa ko'ina a ƙasar nan aka san shi da Bitrus, sunan da ya fito da shi a ciki. Lokacin ba kowane gida ke da akwatin ba, sai ka ga yara cike a tsakar gidan maƙwabta an shimfiɗa tabarmi ana jiran a fara. Har 2014 yana fitowa a manyan finafinai, ya rasu 2021, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai ilimi, daga yadda yake furta magana za ka gane.

Yar Bauchi Road:
Yaya ni ɗalibar sashen ce, kuma gaskiya sai ƙanwarka ta shirya, ba wasa ake ba kamar yadda sunan ya nuna. Za ta karanta tarihin wasan kwaikwayo, rubuta labari, ba da umarni, saita fitila, ga rihazal har dare kana maimaita layi ɗaya sai muryarka ta dishe malami ya ce a sake daga farko, ga sanyin Jos na Disamba kana tsaye a dandali hannu ya ƙage. Amma digirin kaɗai ba ya kai mutum gaban kyamara. Yawanci daga ƙasa ake farawa, wani riƙe makirfo, wani kwantiniti yana rubuta wane ɗankwali jaruma ta ɗaura a fitowar baya, har ranar da darakta zai ce zo ki gwada wannan layin. Wanda ya yi karatun nan take ake gane shi, baya tsoron dogon skirif.

Abban Khairat:
Ali Nuhu ma a jami'ar Jos ya yi digiri, amma Jogirafi ya karanta, kuma a 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya wadda hedikwatarta ke nan Jos. Ina ganin irin kujerar nan sai da takarda. Ga makarantar koyon fim ta ƙasa, ga kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield, duk a garinmu, in bata fito a allo ba akwai rubutu da koyarwa da aikin gidan talabijin.

Shawarata kar ku tsaya musu da Baba. Abin da yake tsoro mutuncin 'yarsa ne da kwana a lokeshan, ba kwas ɗin ba. Ku samu kawunku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, a zauna a yi masa bayani.

Ɗan Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Juma'a bayan masallaci zan je wajen kawu in sha Allah, sai dai rajista ta kusa rufewa, ku taya mu da addu'a.